Tunanin Ɗan Kallo: Nazari a kan Zamanin Finafinan Indiya da Waƙoƙinsu a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wannan karin magana ne samari kan sallami tsofaffin 'yan kallo duk sa'ad da suka shiga hirar finafinan Indiya na da, suna ambaton Dilip Kumar da Nargis, suna yabon muryar Mohammed Rafi. Sai dai karin magana ba ya wadatarwa a fagen nazari. Mutumin da ya shafe shekara ashirin ko talatin yana zirga-zirga a gidajen silima, ya hardace waƙoƙi da dama a cikin harshen da bai taɓa karantawa ba, ya cancanci a saurari hukuncinsa, a kuma auna shi kamar yadda ake auna ra'ayin kowane manazarci.

Manufar wannan takarda ita ce yin wannan awo. Ɗan kallon da ake nufi shi ne namijin da aka haifa tsakanin ƙarshen shekarun 1930 da wajajen 1960, ya tashi a cikin ganuwar Kano, a unguwa irin Koki, ya kuma yi samartakarsa a lokacin da gidajen silima ke tashe. Idan aka tace abin da irin wannan dattijo ke faɗi a majalisa, za a tarar da hukunci uku. Na farko, waƙoƙin finafinan da sun fi na yanzu ma'ana da daɗi. Na biyu, finafinan da suna da kunya da tarbiyya, har sun yi kama da al'adar Bahaushe. Na uku, wannan zamani ya wuce bai bar magaji ba, domin abin da 'yan fim na Hausa ke yi kwaikwayo ne da ya ɓata asali. Takardar za ta nuna cewa hukunci na farko yana da hujja mai ƙarfi, na biyu gaskiya ce da aka yi wa kwaskwarima, na uku kuwa ya bar baya da ƙura.

2.0 Koki da Gidan Silima

Kafin a shiga finafinan, ya kamata a san inda ɗan kallo ya fito da inda yake zuwa. Koki unguwa ce ta fatake da malamai a arewacin Kasuwar Kurmi, wadda ta shahara da attajiran goro da na gyaɗa. A Sarari, daura da ita, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kafa gidansa, ya zauna har rasuwarsa a 1955. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yana tsakanin makarantar allo da rumfar kasuwa, kuma mutuncin gidansu jari ne da ake ciniki da shi. Zuwansa silima, ke nan, ba ƙaramar kasada ba ce.

Hausawa sun fara sanin hoto mai motsi ta hanyar majigi, wanda Gwamnatin Mulkin Mallaka da En'e ke yawo da shi suna nunawa kyauta a ƙofar fada ko a fili, don koyar da tsafta da noma da biyayya ga hukuma. Majigi bai ɗauki baƙin jini ba, saboda da yawun sarakuna yake zuwa. Silima ta kuɗi daban take. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka kawo ta, suka buɗe Rex a 1937 a wajen ganuwa, inda baƙi da barasa da mata masu zaman kansu suke. Tun daga nan sunanta ya ɓaci, har aka riƙa kiranta dodon bango. Gobarar gidan silima na El Duniya, ranar 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 300, ta ƙara tabbatar wa jama'a da dama cewa wurin na fushin Allah ne. Duk da haka, a 1952 aka buɗe Palace a Jakara, kusa da Kurmi, watau gidan silima na farko a cikin birni, bayan ƙorafi mai zafi daga malamai da mutanen gari.

Buɗe Palace shi ne ya sauya lissafi ga ɗan Koki. Abin da a da sai an fita ƙofar gari ake samu, yanzu ya zo inda ƙafa ke kaiwa bayan sallar lisha. Wanda ya ƙara wayewa yakan zarce Orion a wajen Ƙofar Wambai, ko Plaza a Fagge, ko El Dorado a Sabon Gari. A cikin shekarun 1950 ne kuma Kwarorin suka fara shigo da finafinan Indiya, suna gwama su da na kaboyi na Amurka da na Ingila, kafin daga baya na Sin masu faɗa su shigo. Ba a daɗe ba kasuwa ta nuna musu inda zuciyar 'yan kallo ta karkata.

3.0 Iyakar Zamanin

Matsala ta farko da mai nazari zai ci karo da ita ita ce, 'yan kallo ba su haɗu a kan iyakar wannan zamani ba. Wanda ya yi samartaka a shekarun 1950 da 1960 yana nufin zamanin Awaara (1951) na Raj Kapoor, da Mother India (1957) na Mehboob Khan, da Mughal-e-Azam (1960) na K. Asif. Ƙanensa kuwa yana nufin zamanin Sholay (1975), da Amitabh Bachchan, da Dharmendra wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, da Rishi Kapoor wanda suka kira Mace. Kowanne yana ganin lalacewa ta fara ne daidai lokacin da shi ya yi aure ya daina fita da dare. Wannan ya isa ya sa a yi zargin cewa abin da ake yabo ƙuruciya ce, fim ɗin kuwa madogara ce kawai.

Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai iyaka ta haƙiƙa da tarihi ya shata, kuma abin mamaki shi ne yadda ta faɗo kusan lokaci guda a Bombay da Kano. A can, Mukesh ya rasu a 1976, Rafi a 1980, Nargis a 1981, kuma fim irin Disco Dancer (1982) ya nuna cewa kiɗan lantarki na gidan rawa ya karɓe fage. A nan, talabijin ya fara shigar da finafinan Indiya cikin gidaje tun ƙarshen shekarun 1970, bidiyo ya biyo baya, sa'an nan a 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe Palace ya mai da ita asibiti. Saboda haka idan aka ce zamanin ya kama daga 1952 zuwa 1983, watau daga buɗe Palace zuwa rufe ta, an sami shekara 31 da ke da kamanni ɗaya: fim a kan majigi, kallo a cikin taro, da waƙar da ƙwararrun mawaƙa ke rerawa.

4.0 Waƙa

4.1 Yadda ake shirya ta

Tun fim na farko mai magana a Indiya, Alam Ara (1931), waƙa ta zama ginshiƙin fim. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 an daidaita a kan wata hanya: jarumi yana motsa baki a gaban kyamara, muryar kuwa ta wani mawaƙi ce da aka riga aka ɗauka. Wannan ya raba aikin waƙa ɗaya ga gwanaye uku. Akwai marubucin baitoci, irin su Shakeel Badayuni da Sahir Ludhianvi da Majrooh Sultanpuri, waɗanda dama sanannun sha'irai ne na harshen Urdu. Akwai mai tsara kiɗa, irin su Naushad da Shankar da Jaikishan, waɗanda ke gina karin waƙa a kan ma'aunan kiɗan gargajiyar Indiya da waƙoƙin ƙauye. Sa'an nan akwai mai rerawa, irin su Rafi da Lata Mangeshkar da Mukesh. Ana ɗaukar waƙar ne da makaɗa masu yawa a zaure guda, kowa da abin kiɗansa a hannu, in ɗaya ya kuskure a koma farko.

Ɗan kallo a Palace bai san waɗannan bayanai dalla-dalla ba, amma kunnensa ya ji sakamakonsu. Idan ya ce waƙar da tana da nauyi, yana nufin murya ce ke gaba kiɗa na biye, kalmomi na fita ɗaya bayan ɗaya, kuma karin yana da gangara da hawa da za a iya riƙewa a ka bayan ji biyu ko uku. Waɗannan siffofi ne da za a iya nunawa a cikin faifan, ba su dogara da ƙuruciyar mai sauraro ba.

Akwai kuma dalilai biyu daga cikin gida da suka sa tsarin bai zama baƙo ba. Na ɗaya, Bahaushe ya saba da labarin da ke tsayawa a yi waƙa. A tatsuniya, idan abu ya kai maƙura, yarinyar da kishiyar uwa ta zalunta ko tsuntsun da ya ga abin da aka ɓoye yakan faɗi maganarsa da waƙa ne, kuma masu sauraro su amsa. Na biyu, a al'adar Hausa mutum mai daraja ba ya rera abin da ke ransa, makaɗi ko maroƙi ne ke ara masa baki. Jarumin da ke motsa leɓe da muryar Rafi bai yi nisa da wannan ba, kuma saurayin da ke rera waƙar a hanyarsa ta komawa gida shi ma aron bakin ya yi, ya faɗi abin da kunya ta hana shi faɗa da Hausa.

4.2 Kalmomin da kunne ya gane

Sau da yawa akan tambaya yaya mutum zai ce waƙa tana da ma'ana alhali bai ji harshenta ba. Amsar tana cikin tarihin harsunan biyu. Harshen finafinan wancan zamani ya jiƙu da Urdu, Urdu kuwa ya kwashi kalmomi masu yawa daga Larabci ta hanyar Farisanci, kamar yadda Hausa ta kwasa ta hanyar malamai da fatake. Saboda haka a tsakiyar zancen da bai fahimta ba, ɗan kallo yakan tsinci kalmomin gidansu. Duniya tana nan yadda take. Zamana ita ce zamani, khabar shi ne labari, waqt shi ne lokaci, qabr kabari, zulm zalunci, hukm hukunci, dua addu'a, jannat aljanna, niyat niyya. Wanda ya yi karatun littattafai a zaure, kamar yawancin 'ya'yan Koki, zai ƙara da ishq da muhabbat da qismat da insan, domin ya gamu da asalinsu a Larabci.

Abin lura shi ne irin kalmomin. Kusan dukkansu na ƙaddara ne da so da mutuwa da sakayya, watau su ne ainihin kalmomin da jigon waƙa ke rataye a kansu. Idan aka haɗa su da abin da ido ke gani a majigi, da yanayin muryar mai rerawa, ma'anar da ɗan kallo ya ɗauka ba ta cika yin nisa da wadda sha'irin ya nufa ba. Da wannan tsani ne wasu Kanawa suka hau har suka iya Indiyanci ba tare da sun taka ƙasar ba. Da harshen finafinan ya rage Urdu ya ƙara Ingilishi a shekarun baya, tsanin ya rasa matakai, kuma wannan na cikin abin da dattijo ke nufi idan ya ce waƙar yanzu hayaniya ce.

4.3 Karin waƙa da karin harshe

Dangantakar ba ta tsaya ga kalmomi ba. Sha'iran Urdu suna auna baitocinsu da aruli, wanda ya samo asali daga Larabawa, kuma da shi ne marubuta waƙoƙin Hausa suke awo tun zamanin masu jihadi. Dukkan harsunan biyu suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A Hausa, gaɓa mai baƙi da gajeren wasali marar nauyi ce, mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi kuwa mai nauyi ce. Don haka karin da aka ɗinka wa baitin Urdu yakan zauna wa baitin Hausa ba tare da an sha wahala ba, muddin mawaƙi ya sa gaɓa mai nauyi inda kiɗa ya ja.

Makaɗan Hausa sun gano haka da wuri. Kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya nuna a bincikensa, Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ari kari daga waƙoƙin fim ɗin Rani Rupmati na ƙarshen shekarun 1950, suka ɗora masa kalmomin Hausa da goge da kukuma. 'Yan makarantun Islamiyya sun bi sahu, suna rera waƙoƙin koyar da addini da karin Indiya. Daga baya masu bege da bandiri, musamman ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Brian Larkin ya yi nazari a kanta, suka mai da waƙoƙin soyayyar fim yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An yi muhawara a kan halaccin wannan. Masu suka na cewa karin yana tuna wa mai sauraro rawar jaruma, masu yi kuwa na cewa sun ƙwato kari ne daga wasa suka kai shi ga ibada.

Sai dai aron yana da tsada ta fuskar harshe, kuma ɗan kallo bai cika ambaton ta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, Urdu kuwa ba haka yake ba. Hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, da kuma wuya na jiki da wuya ta wahala. Makaɗin gargajiya yakan bar karin waƙarsa ya bi karin kalmomi gwargwadon hali, shi ya sa kalangu ke iya maimaita abin da baki ya faɗa. Wanda ya ari kari ƙerarre daga waje kuwa dole kalmominsa su bi inda karin ya nufa, ko da ya saɓa wa karin sautinsu. Gwani yakan zaɓi kalmomin da suka dace da hawa da saukar, wanda bai ƙware ba yakan murɗe su. Wannan aibi, da ake yawan jingina wa mawaƙan finafinan Hausa, ya girme su da shekaru masu yawa.

5.0 Jigo da Kunya

Hukunci na biyu shi ne cewa finafinan da sun yi kama da rayuwar Bahaushe. Fim ɗin da ya fi kowanne tsayawa shaida a nan shi ne Mother India, wanda aka yi ta maimaita nuna shi a Kano shekara da shekaru. Labarin Radha ne, matar manomi da bashin mai ba da rance ya cinye gonarsu, mijinta ya rasa hannuwansa ya bar gida don kunya, ambaliya ta tafi da abin da ya rage, ita kuwa ta ƙi sayar da mutuncinta, ta yi noma ta reni 'ya'yanta. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta, saboda ya sace 'yar mai rancen. Manomin ƙasar Kano da ya san cin bashi da damina a biya da amfanin gona da kaka ba ya bukatar tafinta. Fim ɗin ya kuma zo a lokacin da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta cika gari da zancen talaka da azzalumi. Abin sha'awa ne a tuna cewa cikin masu zubar wa Radha hawaye har da 'ya'yan unguwannin da ke ba da jarin sayen gyaɗa.

Jigo na biyu shi ne karon so da biyayya ga iyaye. A Mughal-e-Azam, Yarima Salim ya so baiwa Anarkali, mahaifinsa Sarki Akbar ya hana, har ta kai su ga yaƙi. Fada, da rawani, da bayi, da uban da maganarsa ba ta tashi, duk abubuwa ne da Bakano ya sani. Larkin ya yi bayanin cewa irin waɗannan finafinai sun bai wa Hausawa hanyar hango zamananci wanda ba na Turawa ba, inda ake jayayya a kan auren dole ba tare da an rushe gida ba. Idan aka ƙara da suturar da ke rufe jiki, da sunkuyar da kai gaban manya, da rashin sumba a majigi, za a ga inda hukuncin ɗan kallo ya samo tushe.

Amma kamar da ake gani zaɓaɓɓiya ce. Finafinan nan cike suke da bautar gumaka, da ƙona gawa, da sadakin da gidan amarya ke biya, da rawar gidan giya irin wadda Helen ta shahara da ita. Ɗan kallo ya ga duk wannan, ya ture shi gefe, ya riƙe abin da ya yi masa. Yakan yi alfahari da cewa Dilip Kumar sunansa na yanka Yusuf Khan, Nargis kuma Fatima, amma ba ya ambaton cewa a Baiju Bawra (1952) Musulmi uku, Shakeel da Naushad da Rafi, su ne suka haɗu suka yi shahararriyar waƙar bautar Hindu. Rashin sumba ma ya fi alaƙa da tsaurin hukumar tace finafinai ta Indiya a wancan lokaci. Haka kuma kunyar da ake yabo ita ce ta haifi waƙar soyayya mai tsawo a cikin lambu, domin abin da aka hana jiki ya nuna sai aka bar wa waƙa da rawa. Ashe kamar da ke tsakanin al'adun biyu aikin ɗan kallo ce gwargwadon yadda take aikin mai shirya fim. Shi ya tace, ya zubar da dusa, sa'an nan bayan shekaru ya manta cewa ya yi tankaɗe.

6.0 Abin da Tunanin ya Tsallake

Akwai abubuwa uku da ba su cika fitowa a hirar ɗan kallo ba. Na farko shi ne matsayinsa a idon unguwa a wancan lokaci. Yau yana ba da labarin Palace da murmushi, amma a jiya a ɓoye yake zuwa, kuma da an ce wane ɗan silima ne, an haɗa shi da 'yan iska da 'yan daba, har yana iya rasa auren 'yar mutunci. Kalmomin da yake jifan finafinan Hausa da su a yau, watau ɓata tarbiyya da koyi da baƙin al'adu, su ne iyayensa suka jefe shi da su.

Na biyu shi ne mata. Gidan silima wurin maza ne, macen da ta shiga kuwa ta sayar da sunanta. Matan aure na cikin birni sun san waƙoƙin ta rediyo da garmaho da bakin ƙannensu tun kafin su ga hoton. Waƙa ta tsallake zaure, fim bai tsallake ba sai da talabijin ya zo. Saboda haka shekarun da ɗan kallo ke kira ƙarshen zamani su ne farkonsa ga rabin al'umma. Daga waɗannan sababbin 'yan kallo ne aka sami masu karatu da marubutan littattafan soyayya na ƙarshen shekarun 1980, waɗanda suka ɗauki jigon auren dole da kishi suka zaunar da shi a gidan Bahaushe. Har ma abin ya koma inda ya fito, domin a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne.

Na uku shi ne gado. Hausawa sun yi finafinan majigi nasu, irin su Shehu Umar (1976) na Adamu Halilu, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba su yi yawan da za su kafa kasuwa ba. Da bidiyo ya sauƙaƙa aiki, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekara goma waƙa da rawa sun zama abin da ke sayar da fim, kamar yadda karɓuwar Sangaya ta nuna. Masu shirya waɗannan finafinai 'ya'ya ne da ƙannen 'yan kallon Palace da Plaza. A gidajensu suka tashi suna jin Rafi da Lata, a Islamiyya suka rera karin Indiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ana iya sukar su da cewa sun ɗauki siffar waƙar sun bar horon da ke bayanta, domin fiyano guda ta maye gurbin taron makaɗa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne marubuci da mai kiɗa da mai rerawa. Wannan suka ce mai tushe. Amma cewa zamanin bai bar magaji ba kuskure ne, magajin ne dai uban bai so ya amsa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa yabon da ɗan kallo ke yi wa waƙoƙin wancan zamani yana da madogara a cikin yadda ake shirya su, da kalmomin Larabci da harsunan biyu suka yi tarayya a kai, da ma'aunin aruli da ya haɗa su. An kuma ga cewa kamannin al'ada da yake ambato shi ya zaɓe su da kansa, kuma hukuncinsa a kan finafinan Hausa ya manta da hannunsa a cikin lamarin. Ga mai nazarin adabi, darasin shi ne ba za a iya rubuta tarihin waƙar Hausa ta ƙarni na 20 ba a tsallake gidan silima, kamar yadda ba za a rubuta na ƙarni na 19 ba a tsallake waƙoƙin Larabci da malamai suka yi wa tahamisi suka ari karinsu.

Aikin da ya rage na gaggawa ne. Finafinan suna nan a adane a Indiya, kowa na iya kallonsu a wayarsa. Abin da ba a adana ba shi ne ɓangaren Kano: laƙabin da aka ba jarumai, sunayen Hausa da aka raɗa wa finafinai, kalmomin da yara suka ɗora a kan karin da ba su fahimta ba, da yadda ɗan kallo ke fassara wa abokansa labari washegari a rumfar kasuwa. Wannan duk adabin baka ne, yana cikin ƙirjin mutanen da mafi ƙanƙantarsu ya haura sittin. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tura ɗalibansu na digiri na biyu da na uku zuwa majalisun Koki da Jakara da Fagge da na'urar ɗaukar magana, su jera kowace waƙar Hausa da waƙar Indiyar da aka ari karinta, su auna gaɓoɓi da karin sauti baiti bayan baiti, tun masu iya nuna wace ta fito daga wace suna raye.